Masu Cin Rani a Gabashin Sakkwato

Da zarar an cika rumbuna a ƙasar Wurno da Raba da Goronyo, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai samari su ɗaure kaya. Gona ta gama da su, sai kuma wata shida ko bakwai. A da, kayan ba su wuce tabarma da buta da sanda da ɗan ƙullin gari ba, ga laya a damtse da uwa ta karɓo wurin malam. Wani ya nufi birnin Sakkwato, wani Kurmi, Ibadan ko Agege, masu ƙarfin hali har Kumasi. Ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 a hanyoyin Lardin Sakkwato ta sami matafiya fiye da 250,000 da suka nufi kudu.

Ba a tafiya kai kaɗai. Ana bin ɗan gari da ya san hanya, a sauka a zango wurin maigidan da ya saba karɓar mutanen wannan ƙauye, a kwana goma-goma a zaure. Aiki kuwa duk wanda ya samu: ga-ruwa, faskare, dako, gadi, yankan farce. Abin da mutum ba zai taɓa yi a gaban surukansa ba, a can yana yinsa da rana tsaka, tun da ba wanda ya san ubansa.

Sharaɗi ɗaya ne, a dawo kafin ruwan shuka. A da, wanda ya dawo da kuɗin haraji da turmin atamfa, ko rediyo, ko keke, ya fita kunya. Wanda ya dawo hannu rabbana, mata ba sa faɗa masa a fuska. A bakin turmi za su saka shi cikin waƙar daka, da habaicin da kowa a gidan ya san inda ya dosa. Wanda kuma damina biyu ta wuce babu shi babu saƙo, sai a ce ya shiga uwa duniya, tsofaffi su ƙara da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Makaɗa ma matafiya ne a wannan lokaci, domin bayan kaka ne 'yan dambe ke bin garuruwa. Ɗan Anace, mutumin Gandi a ƙasar Raba, ta wannan fage ya yi suna da waƙoƙin ɗan dambe Shago. A ganina 'yan dambe sun fi masu faskare sa'a, su aka yi wa kiɗa da sunansu, masu faskare kuwa sai dai habaici.

Mai fadama a bakin Rima bai cika tafiya ba. Albasa da tafarnuwa da shinkafa sun riƙe shi a gida, musamman bayan gina madatsar ruwan Goronyo a shekarun 1980, har shi ma yana ɗaukar 'yan ƙwadago daga ƙauyukan tudu da Nijar. Yanzu da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, wasu na barin ƙauye da damina tsaka, da mata da yara, ba su san ranar komawa ba.