SALLAR MATAFIYI TSAKANIN JIRGI DA JIRGI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mu da ke zaune a gindin Dutsen Kufena mun saba da ƙugin jirgin sama tun muna yara, domin tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a nan Zariya, kuma ƙananan jiragenta sukan yi ta shawagi bisa kanmu muna riƙe da allo. A wancan lokaci wanda ya hau jirgi abin nuni ne a unguwa. Yau kuwa da wuya ka shiga kasuwar Sabon Gari ko wani ofishin Gwamnati ba ka tarar da wanda ya je Dubai ko Sin ko Umra ba. Sai dai yawan tafiyar ya zo da wata matsala wadda ta shafi addini, ita ce muke so mu yi bayani a kanta a wannan mako.

Kwanan baya, bayan mun shafa fatihar karatun Risala a zaure, wani ɗalibinmu ɗan kasuwa ya tsaya har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, akwai abin da ya tsaya mini a rai." Ya ce ya tashi daga Kano za shi Guwanzu sarin kaya, a kan zai sauka wani gari a hanya ya canja jirgi. An sa musu tashi da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, sai hazo ya rufe, aka yi ta ce musu yanzu yanzu har wajen awa biyu. Da suka sauka zangon, dare ya yi, saura minti 40 jirgi na biyu ya tashi, ƙofar shiga kuwa tana can ƙarshen gini. Ya ce ya tattare babbar riga ya yi ta gudu yana ture mutane, ya shiga jirgi jina-jina da gumi ana shirin rufe ƙofa. Sai da ya ɗaura ɗamara, numfashi ya komo, sa'an nan ya tuna bai yi Azahar ba, bai yi La'asar ba, ga Magariba da Lisha suna bisa wuyansa. "Malam," in ji shi, "na sami jirgi, amma raina bai kwanta ba har yau."

Muka ce masa, "Alhaji, rashin kwanciyar ran nan alamar imani ce. Amma kuskuren a Kano ya auku, tun kafin ka fara gudu."

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mu tuna da magabata. Kakanninmu sun je Makka a ƙasa, su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su ƙetare Kogin Nilu har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin. Waɗansu sukan yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙodago don su sami guzuri, waɗansu kuwa can suka zauna, zuriyarsu na ƙasar Sudan har yau. Jirgin sama bai sauka Kano ba sai a 1925. To, mutanen da suka yi shekaru bisa hanya sun tsare salla cikin rairayi da ƙishirwa da tsoron 'yan fashi, ina uzurin wanda tafiyarsa duka ba ta wuce yini da kwana ba?

Dalilin wannan gudu a filayen jirgi shi ne, yawancin garuruwan da mutanenmu ke nufa ba a samun jirgi kai tsaye zuwa gare su daga Kano ko Abuja a kowace rana, sai an ya da zango a Adis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, ko Istambul. A can fasinja zai sauka, wani lokaci a ɗauke shi a mota zuwa gini, a sake bincikar jakar hannunsa, ya nemi lambar ƙofarsa a allon sanarwa, sa'an nan ya taka zuwa gare ta. Lokacin da aka rubuta a tikiti na tashin jirgi ne, ƙofa kuwa akan rufe ta da kamar minti 15 ko 20 kafin haka. Watau wanda aka ba awa guda, a haƙiƙa abin da ke hannunsa bai kai ba. Idan kuma hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan hana jirage tashi da sauka a kan kari a filayen Arewa, sai awar nan ta narke tun mutum yana zaune a Kano.

Saboda haka mataki na fari yana wurin sayen tikiti. Wanda ya sayi tafiyarsa duka a tikiti guda, in jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, a al'ada kamfani ne zai sa shi a wani jirgin, kuma kayansa tun daga gida ake rubuta musu inda za su sauka. Wanda kuwa ya yanki tikiti biyu dabam dabam don neman rangwame, in ya makara asararsa ce, kuma sau da yawa sai ya karɓi kayansa a zango ya sake aunawa, abin da kan buƙaci bizar ƙasar. Araha ba ta ado. Mai hankali ya tambayi wakilin da ke yanka masa tikiti: awa nawa ne tsakanin sauka da tashi? In ya ga bai kai awa biyu ko uku ba, alhali akwai wani zaɓi, to ya ɗauki mai yalwa, musamman idan yana tare da tsofaffi ko mata da yara. Wannan ba ya saɓa wa tawakkali, domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sa'an nan ya dogara ga Allah.

Yanzu sai hukuncin salla. Allah Ya yi wa matafiyi sauƙi iri biyu. Na farko shi ne ƙasaru, wanda asalinsa ke cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101. A mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya nufi tafiyar halal ta buridi huɗu, watau mil 48, ya mai da Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu biyu. Magariba da Asuba ba a taɓa su. Yana farawa da zarar ya fita gine-ginen gari, ba ya bari sai ya komo, ko ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani wuri. In ya bi liman mazauni, sai ya cika tare da shi. Raka'a biyu ba su kai minti biyar ba. Wa zai ce bai sami minti biyar a yini ba?

Sauƙi na biyu shi ne jam'i, watau haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, a lokaci guda. Ba a haɗa La'asar da Magariba, Asuba kuwa ba a haɗa ta da kome. Abin da Shehu Halilu ya tsara a Muhtasar, a taƙaice, shi ne: wanda rana ta karkata yana sauke a masauki, kuma ya san ba zai sake sauka ba sai bayan faɗuwar rana, to ya sallaci Azahar ya jawo La'asar ya haɗa kafin ya tashi. Wanda kuwa rana ta karkata yana bisa tafiya, amma zai sauka kafin rana ta yi fatsi-fatsi, sai ya jinkirta su ya yi bayan ya sauka. Malamanmu na da a kan tafiyar tudu suka yi wannan magana, malamai da yawa na wannan zamani kuma sun shigar da mai tafiyar jirgin sama cikin sauƙin. Ka ga ke nan ɗalibinmu, da ya yi alwala a Kano rana na karkata, ya yi raka'a biyu da biyu, da ya hau jirgi ba bashi a kansa. Magariba da Lisha kuwa lokacinsu na lalura yana nan har ketowar alfijir, yana iya yin su a zango in ya sami sarari, in bai samu ba ya yi su a cikin jirgi na biyu.

Salla a cikin jirgi ta halatta idan lokaci zai fita kafin a sauka. In an sami wurin tsayuwa, kuma ma'aikata sun yarda, a tsaya a fuskanci alƙibla. Jirage da yawa suna nuna taswirar hanya, waɗansu har da alƙiblar kanta. In ba hali, mutum ya yi a zaune bisa kujerarsa da ishara, ya sunkuyar da kai a sujada fiye da ruku'u. Malamai sun yi saɓani ko zai sake ta bayan sauka, wanda ya sake ya fita daga saɓani. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, barin lokaci ya fita da gangan zunubi ne babba. Game da tsarki, wanda ya sa huffin fata bayan cikakkiyar alwala yana shafa a kansa, ba sai ya ɗaga ƙafa cikin ƙuntataccen makewayin jirgi ba. Kuma ɗan dutse a aljihun jaka ya isa taimama ga wanda ya rasa ruwa, ko ya ji tsoron lokaci zai fita kafin ya kai gare shi.

Sai a yi hattara da agogo. Lokacin salla yana bin ranar wurin da kake, agogon gida ba ya aiki a can. Adis Ababa da Makka suna gaban Nijeriya da awa 2, Dubai da awa 3, Guwanzu da awa 7. Mai tafiya gabas darensa gajere ne, alfijir yakan keto da wuri, rana ta fito nan da nan. Sau da yawa a nan Asuba ke kuɓuce wa 'yan kasuwarmu. A leƙa taga, a roƙi maƙwabcin kujera ya tashe ka.

Masu zuwa Umra ta hanyar zango suna da ƙarin abin lura, shi ne mikati. Jirgin da ya nufi Jidda daga Adis Ababa yakan wuce daidai Yalamlam, na Alƙahira daidai Juhufa, na Dubai ko Doha daidai Ƙarnul Manazil. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar da cewa mai zuwa ta sama daga mikati ko daidai da shi zai ɗauki harami. Mun sha ganin wanda ya bar haraminsa cikin babban akwati, ko ya ce sai ya sauka zango zai sa, ya zo ya tarar ba lokaci. Wanda ya wuce mikati ba harami, in bai koma ba ya ɗauka daga baya, jini ya hau kansa. Magani shi ne a sa mayafan a jakar hannu, in zangon gajere ne a ɗaura gyauto tun daga gida a rufa da riga, a cire ta a yi niyya kafin jirgi ya kai daidai mikati. Wanda zai fara da Madina kuwa, sai a Zul Hulaifa zai ɗauka.

Akwai kuma ladabin gaggawa. Saurin tafiya don cim ma jirgi ba laifi ba ne, amma ture tsohuwa, da kutse cikin layi, da yi wa ma'aikaci ƙarya ko tsawa, duk haƙƙin mutane ne, ba su faɗuwa don mutum yana sauri. Wanda lokaci ya ƙure masa ya nuna katin shiga jirginsa ya nemi alfarma da lafazi mai daɗi, galibi akan ba shi hanya. Ma'aikacin Gwamnati da aka aika taro waje ya tuna da idonsa ake ganin ƙasarsa da addininsa. Kada kuma ruɗewa ta sa mutum ya karɓi saƙon wanda bai sani ba, domin bayin Allah da yawa sun shiga kurkukun ƙasashen waje ta wannan ƙofa.

In kuwa an yi duk abin da ya kamata, jirgi ya tafi ya bar ka, to sai haƙuri. A nufi teburin kamfani a nemi wani jirgin, in kaya sun yi baya a cika takardar cigiya kafin a bar filin. Kada a zagi matuƙin da ya ƙi tashi cikin hazo. Dattawanmu ba su manta da ranar 22 ga Janairu, 1973 ba, sa'ad da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ji ƙansu. Jinkirin da ake tsare rai da shi alheri ne, ko da ciniki ya wuce.

Amsar da muka ba ɗalibinmu ita ce, ya yi istigfari a kan sakacin da ya yi a Kano, domin a can yana sane kuma yana da hali. Sallolin da suka kuɓuce masa a tafiya, in bai rama ba ya rama su yanzu bisa jerinsu, da ƙasaru kamar yadda suka kuɓuce. Sa'an nan duk sa'ad da zai sake tafiya, ya zauna da tikitinsa tun a gida ya lissafa inda kowace salla za ta same shi, kamar yadda yake lissafa kuɗin sari da na dako. Haka muke kira ga sauran 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata su riƙa yi, kuma wanda ya rikice ya kai tikitinsa wurin malamin unguwarsu su duba tare.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya sa mu cikin masu tsare salla a gida da daji. Amin.