Layin Ofis Na Jan Ƙafa: Laifin Wa?

Da zarar fayil ɗin da ke hedikwata ya ƙi buɗuwa a reshe, sai kowa ya zama masani. Wani ya ce kamfanin sabis ne ke cin kuɗi a banza, wani ya ce samarin ofis ne ke kallon TikTok, manaja kuma ya ce a ƙaro megabit a huta.

Mai raba gardamar yana nan a kusurwar ɗaki, ya sha ƙura, fitilunsa na ƙiftawa: rauta, na'urar da duk abin da ke shiga ko fita reshe ke bi ta cikinta. Tana ƙirga komai. Ta hanyar wata ƙa'idar sadarwa mai suna SNMP ake karɓo ƙidayar a zana ta, kamar yadda Tobias Oetiker ya yi da manhajar MRTG a 1995, don ya ga cunkoson layin jami'ar De Montfort da ke Ingila.

Ƙaro megabit magani ne idan zanen ya nuna layin ya cika maƙil. In ba haka ba, asarar kuɗi ce. Reshen da ke amfani da tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786 sai saƙonsa ya ci kusan rabin daƙiƙa kafin ya je amsa ta dawo. Kwamfutar da ke tura kilobayit 64 ta tsaya jiran amsa, da ƙyar za ta kai megabit 1 a daƙiƙa, ko da na 100 aka biya. Faɗin titi ba ya rage nisan tafiya.

Shi ma zanen a yi hattara da shi. MRTG kan ɗauki matsakaicin minti 5 ne, don haka layin da ya toshe na daƙiƙa 30 sannan ya saki zai fito kamar lafiyarsa ƙalau, alhali kiran bidiyo ya riga ya tsinke.

Zargin samari fa? NetFlow, tsarin da kamfanin Cisco ya fito da shi a 1996, yana nuna wace na'ura ke magana da wace, da yawan abin da ta kwasa. Wani lokaci TikTok ɗin ne, ba musu. Amma sau da yawa kwamfutoci ne suka taru suna sauke sabuntawar Windows da safe, ko kyamarar tsaro ce ke tura hoto hedikwata ba dare ba rana. Masu tsoron oga zai karanta hirarsu su kwantar da hankali: NetFlow adireshi da lokaci da adadi yake rubutawa, ba ya ajiye abin da ke cikin saƙo.

Kamfanin sabis kuwa, wata rana matsalar daga ɓangarensa take. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana. A irin wannan rana zanen ba ya bugun rufi, faɗuwa yake yi a duk rassan da ke bin wayoyin, a lokaci guda.