Tirelar da ta riƙa layi a hanya ta 85

Har wani yaro ya fita daga Atlanta babu abin da ya faru. A-kori-kurar da ya aro, Ford F-150, tana jan tirelar haya lafiya lau, wato irin ƙaramar tirelar nan mai taya huɗu da ake jona wa a bayan mota don ɗaukar wata motar. A kanta ga Porsche 911 ɗin da yaron ya saya a ranar, wadda mai ita na farko ya canza wa sifirin ya kwantar da ita har cikinta ya kusa shafar kwalta. Sai da hanya ta buɗe, allurar gudu ta haura kilomita 80, sannan ya ga abu a madubi. Tirelar ta leƙo ta dama, ta koma, ta leƙo ta hagu. Kafin ya ankara sitiyari ya fara yi masa gardama a hannu. Allah ya taimake shi bai danna birki ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, abin ya lafa da kansa. Can gaba ya sake ƙara wuta, ta sake. Haka ya lallaba har wani gidan man manyan motoci kusa da Spartanburg, a Carolina ta Kudu, ya kira kawunsa.

Kawun bakanike ne a Greensboro, garin da 'yan Nijar suka yi yawa a Carolina ta Arewa, ya kuma daɗe yana jigilar motocin gwanjo. Mutum ne da ba ya son a gaya masa abin da ya lalace. Abin da aka gani da ido kawai yake so a gaya masa.

"Kawu, tirelar nan ba ta da lafiya. Mayar musu zan yi su ba ni wata."

"Sannu likita. Da ka ɗauko ta babu kaya, ta yi maka haka?"

"A'a."

"To ƙyale ta tukuna. Je ka auna iskar tayoyi, duka takwas."

Da taya ake farawa domin ita ce mai sauƙin dubawa, kuma tayar da iska ta yi wa kaɗan gefenta yakan yi laushi, ta bar tirela ta riƙa zamewa hagu da dama. Yaron ya auna, kowace ta yi daidai da abin da aka rubuta. Ya dafa tsakiyar ƙafafun tirelar, babu wadda ta yi zafi fiye da 'yan'uwanta. Aka koma wajen jona. Ƙwallon ƙarfen mai inci 2 ne, bakin tirelar ya zauna a kansa daram, makulli a rufe, sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙasa yadda ya kamata. Batun gudu ma bai tsaya ba, domin a jikin madigadin tirelar an rubuta kada a wuce mil 55, kusan kilomita 88 ke nan, shi kuwa bai kai can ba.

Iska fa? Karon farko wata babbar mota ce ta wuce shi, iskarta ta bangaji tirelar. Karo na biyu babu ko tsuntsu a kusa. Kawu ya ce to iskar tsokana kawai ta yi. Tirelar da kayanta suka zauna daidai, in an bangaje ta sau ɗaya za ta karkata ta dawo ta nutsu. Wadda kowace karkata ke fin ta baya girma, ciwonta a jikinta yake.

Nan yaron ya kawo tasa shawarar, kuma ba ta banza ba ce. "Kawu, ko don injinta a baya yake?"

Tun da aka fito da 911 a baje kolin motoci na Frankfurt a 1963, injinta a bayan tayoyin baya yake zaune, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta a can yake. Tirelolin haya kuwa an ƙera su ne da tunanin motar da kowa ya sani, mai inji a gaba, shi ya sa ake cewa a hau da ita gaba ta fuskanci gaba. Kawu ya ce ya ci rabin maki. Sai dai shi da kansa ya sha ɗaukar irinta a irin wannan tirela, ba ta taɓa yi masa rawa ba. Injin ya rage wa tirelar juriya, amma akwai wani abu da ya ƙarasa aikin.

"Ja da baya sosai, ka ɗauko min hoton duka biyun daga gefe."

Hoton ya iso. Yaron yana jiran a yi maganar tirela, sai ya ji Kawu yana tambayar a-kori-kura. Tsakanin tayarta ta baya da madigadi akwai fili wayam, kamar ba ta ɗauki komai ba. Motar da aka ɗora wa tirela mai kaya dole bayanta ya ɗan zauna. Wannan kuwa tana tsaye ƙerere.

Kawu ya ce, "Ka taɓa ganin an loda amalanke kayan suka taru a baya? Karkiya ɗagewa take yi daga wuyan shanu, amalanken ya koma shi ke juya su. Abin da ke damunka ke nan."

Ƙa'idar masu ja ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta ya sauka a kan ƙwallon jona. Tirela irin wannan takan kai kilo 1,000 ita kaɗai, motar kuma kusan 1,400, jimilla 2,400. Ke nan ana son kilo 240 zuwa 360 su danne bayan a-kori-kurar. Wannan dannawar ce ke manne tayoyinta na baya a kwalta. In ta yi kaɗan, nauyin ya taru kusa da tayoyin tirela ko bayansu, sai tirelar ta sami ƙarfin juya kanta, kuma akwai gudun da in aka kai shi rangajin ba ya mutuwa, ƙaruwa yake yi. Ga wani abu kuma, birkin irin waɗannan tireloli a wuyansu yake, sai tirela ta tunkuɗi motar gaba yake kamawa. Direba ba shi da maɓallin da zai kama birkin tirelar ita kaɗai ya miƙar da ita.

Kawu ba ya yanke hukunci da hoto. A gidan man akwai sikelin CAT, wanda direbobin manyan motoci ke hawa. Ya sa yaron ya hau da tirelar a jone, ya rubuta nauyin da ke kan tayoyin a-kori-kurar, sannan ya kwance ta ya sake hawa da motar ita kaɗai. Bambancin awo biyun shi ne abin da wuyan tirelar ke saukewa. Bai kai rabin mafi ƙarancin da ake so ba.

An gano ciwon, saura dalilinsa. Kawu ya nemi hoto na kusa, na tayoyin gaban Porsche ɗin. A nan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaya, "Waɗannan igiyoyin masu ruwan lemo na wane ne?"

Tirelar tana da nata ɗamarun, masu kama da raga, da ake lulluɓa wa tayoyin gaba a ɗaure su da wani ɗan shingen ƙarfe da ke can gaban dandamali. A hoton ɗamarun suna yashe, ba a taɓa su ba. An ɗaure motar ne da sababbin igiyoyi na shago, kuma tsakanin taya da shingen akwai tazarar da ta fi kamu guda.

Sai labarin lodin ya fito. Wahalar da yaron ya zata ita ce hawa gangaren tirela, domin motar da aka kwantar leɓen bambarta kan daki ƙarfen tun taya ba ta taɓa shi ba. Wannan sun shawo kanta shi da mai sayarwa. Sun jera katakai hawa-hawa a gindin gangaren, sun ɗaga wuyan tirelar da jak don bayanta ya sunkuya, motar ta hau ba ƙwarzane ko ɗaya. Suna murna ke nan sai leɓen bambar ya ci karo da shingen gaba, wanda bambar mota mai tsayin kirki ke wucewa ta samansa. Suka tsaya a nan. Ɗamarun tirela ba su kai ba, yaron ya ruga shago ya sayo igiyoyi, ya ɗaure tamau. A ganinsa tunda motar ba ta motsi, magana ta ƙare. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba, don duk hankalin mai irin wannan mota a kan leɓen nan yake, ɗan roba mai tsadar tsiya.

Kawu ya yi lissafin da baki. In aka ce daga ƙwallon jona zuwa tsakiyar tayoyin tirela mita 4 ne, aka ja mota mai kilo 1,400 baya da rabin mita, an sauke kilo 175 daga wuyan tirela. A motar da dama can nauyinta a baya yake, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ya ƙara da tambayar inda aka sa tsofaffin sifirin da sauran kayan gyaran da mai sayarwa ya haɗa masa. Suna kujerar baya ta Porsche ɗin, dab da injin.

Yaron ya ce to a juya motar mana, ta hau da baya. Kawu ya ƙi. Ɗamarun da ƙyar za su rufe faffaɗan tayoyin bayanta, fiffiken bayanta ba a yi shi don ya tari iska ta wancan gefen ba, kuma umarnin da ke jikin tirelar bai ce haka ba. Maganin yana cikin bayan a-kori-kurar, katakan da aka yi lodi da su. Irin wanda ake kira 2x10 ne, kaurinsa na gaskiya inci ɗaya da rabi. Ya sa aka kwance motar, aka ɗan ja ta baya, aka shimfiɗa katako biyu-biyu a gaban kowace tayar gaba, dogaye yadda taya za ta riga ta hau kafin leɓe ya isa shingen, na sama a ɗan ja shi baya ya zama matakala. Ya hana a ƙara na uku, kada tayar ta yi tsayin da za ta haye shingen in an taka birki. Wani direban babbar mota ya tsaya a gaba yana ba yaron hannu. Leɓen ya wuce ta saman ƙarfen da ɗan yatsa guda, taya ta jingina da shinge, ɗamarun tirela suka shiga mazauninsu. Ƙofar direba kuwa madigadi ya tokare ta, sai ta taga yaron ya fito, abin da ya ba direban nan dariya ƙwarai.

Aka mayar da kayan gyaran cikin a-kori-kura, can kusa da kan mota. Bayanta ya zauna, sikeli ya nuna awon ya shiga tsakanin 240 da 360. Kawu ya ce in ya yi 'yar tafiya ya tsaya ya ƙara matse ɗamarun, domin katako yakan kwanta ya bar su sako-sako, kuma kada ya wuce 55 ɗin nan ko da wa ke yi masa ham a baya. Yaron ya ratsa Charlotte manyan motoci na wuce shi ɗaya bayan ɗaya, tirelar ba ta ko leƙo ba.

Da ya iso gareji ya fara zaro gangaren zai sauke motar, Kawu ya tare shi. Katakan da za a jera a gindin gangaren suna ƙarƙashin tayoyinta, sai an nemo wasu tukuna.