Baƙo Raɓa Ne, Amma Wani Yakan Bar Danshi

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi Tambuwal, sai ya wuce Boɗinga, ya wuce Shagari. A ƙasar Shagari ɗin nan ne Horo Birni yake, garin manoma da makiyaya. Mai mota yakan ratsa yankin cikin ɗan lokaci, ba ya ko waiwaye. Amma wannan hanya ta ga baƙi iri iri daga ƙasashe masu nisa, kuma akwai abin koyo cikin yadda waɗansunsu suka yi zamansu, musamman yanzu da 'ya'yanmu da yawa suka zama baƙi a ƙasashen wasu.

Mu fara da matafiyi. A watan Mayu na 1853 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya bar Sakkwato ya bi ta Boɗinga zuwa Gwandu. Tun 1850 ya baro Tarabulus, ya ƙetare Sahara. Zamansa na yau da kullum ba na jin daɗi ba ne: ga zafi, ga zazzaɓi, ga lissafin guzuri da wuri, ga jiran iznin sarakuna. Duk da haka kowace rana yakan rubuta sunan garin da ya kwana, da abin da ake nomawa, da farashin kaya a kasuwa. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa, saboda haka yana hira da malamai baki da baki. A Gwandu aka ara masa wani tsohon littafin tarihin Songai, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Da ya koma gida aka buga labarin tafiyarsa cikin littafi 5 a 1857 da 1858. Har yau masu binciken tarihinmu suna komawa gare su.

Bayan shekara ɗari sai ga wata baƙuwa wadda ta zo ta zauna. Jean Boyd, mutuniyar Ingila, ta iso Arewa a 1955 don aikin koyarwa, ta yi yawancin zamanta a Sakkwato har 1984. Da yawa cikin Turawan wancan zamani, in an tashi daga aiki sai kulob, sai wasan ƙwallo, sai ƙidayar watannin da suka rage kafin hutu. Ita kuwa sai ta sa kanta neman labarin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Larabci da Hausa, ta kuma tsara yadda mata za su riƙa koyar da 'yan'uwansu mata a ƙauyuka. Waziri Junaidu ya ba ta damar duba takardun da ke gidansa. Ta kuma yi aiki tare da wani ɗan wannan yanki, Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma da malamin makaranta ne. A 1978 suka fitar da ɗan littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu, shekara ɗaya kafin ya zama shugaban ƙasa. Littafinta a kan rayuwar Nana Asma'u ya fito a 1989, a 1997 kuma ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara rubuce-rubucen Nana cikin babban littafi guda. Abin da aka fara a matsayin sha'awa, shi ya zama aikin da ake tunawa da ita.

To, baƙon yau fa? Alƙalaminsa ya zama kwamfuta. A farkon shekarun 1990 wani matashi ɗan Ostireliya, Marc Durdin, yana zaune da iyayensa a ƙasar Lawos ta Asiya. Ya ga ana shan wuyar buga harshen ƙasar a kwamfuta, sai ya zauna ya shirya manhajar da ke sa maɓallan Turanci su fitar da baƙaƙen wani harshe. Sunanta Keyman. A 2015 ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta karɓe ta, daga baya aka mai da ita kyauta ga kowa, kuma akwai tsarin harsunan Nijeriya a cikinta.

Kada a ce wannan bai shafe mu ba. Duk wanda ya yi aiki da tafireta a da ya san yadda ake buga takarda, sa'an nan a bi da biro ana sa wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. In an manta, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ya koma bata, ma'ana ta sāke. Yanzu waɗannan baƙaƙe suna cikin tsarin Unicode da kwamfutocin duniya suke bi, har a wayar hannu ana samunsu.

Me ya haɗa mutanen nan uku? Kowannensu ya ɗauki harshen masu gida da daraja. Kowannensu ya san da ɗan gari akan ci gari: ba don malaman Gwandu da na Sakkwato sun buɗe akwatunansu ba, da baƙin nan ba su sami abin rubutawa ba. Kowannensu kuma ya bar abin da wani zai ɗora a kai.

Mu ma muna da namu misali. Dorugu, yaro Bahaushe da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, bai zauna yana kallon hazo ba. Ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, aka rubuta, suka shiga cikin littattafan farko da aka buga da Hausar boko.

Saboda haka, iyaye, in ɗanku ko 'yarku na Legas, ko Landan, ko wani birni na Amurka, in an gaisa an tambayi lafiya, a tambaye su kuma me suke yi da maraicensu. Sun koyi gaisuwar maƙwabtansu? 'Ya'yansu suna jin harshen gida? Wanda ya iya kwamfuta cikinsu, in ya zo hutu, ya zauna da kaka ya ɗauki muryarta a waya, ya rubuta sunayen dangi, da na gonaki, da waƙoƙin daka, da ƙugiyoyinsu daidai. Tsofaffin Horo Birni, da na garinku, suna riƙe da abin da babu shi a kowane littafi, kuma ba za su jira mu har abada ba.

Mu da ke gida kuwa, in baƙo ya sauka a unguwarmu, ko malamin asibiti ne, ko ɗan bautar ƙasa daga Kudu, mu ba shi tabarma, mu koya masa magana. Ba mu san abin da zai bar mana ba.