Yoyon baƙin mai: abin da ake faɗa a gareji da abin da injin ke nunawa

Motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano sukan yi tafiyar fiye da kilomita 700, ta Faraku da Kandi, kafin su iso Malanbil, bakin gadar da ke ƙetarawa zuwa Gaya. Da yawansu sun tsufa tun a Turai. A cikinsu akwai irin waɗanda samari ke mutuwar so saboda gudu, kamar Golf GTI da BMW E36 ta shekarun 1990. Idan irin wannan mota ta fara ɗigar da baƙin mai a ƙofar gida, mai ita zai ji shawarwari iri-iri, kuma wasunsu suna kashe injin.

Maganar da ta fi cin kuɗin mutane ita ce wai inda mai ya ɗiga, nan ne ɓarakar take. Ba haka ba ne. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana tura shi baya idan mota na gudu, sai ya taru a mahaɗar injin da giyabos. Makaniki ya leƙa ya ce sil ɗin baya ne, a sauke giyabos, a yi aikin yini guda, washegari ɗigon na nan. Sau da yawa laifin yana can sama: fakin murfin saman injin, ko ƙaramin suwic ɗin da ke kunna jar fitilar mai, ko robar filta. A BMW mai silinda 6, fakin gidan filta sananne ne da wannan halin. Hanyar ganowa ba ta da tsada. A wanke injin tas, a bar shi ya bushe, a barbaɗa farar hoda inda ake zargi, a tayar da shi na minti 15, sannan a haska da tocila. Wuri mafi tsawo da ya jiƙe, daga nan yoyon ya faro. Makanikin da ya yanke kuɗin aiki bai wanke injin ba, kintace yake yi.

A kuma tabbatar baƙin man ne. Ja yawanci na giyar otomatik ne ko na sitiyari, man giya kuwa yana da wari mai ƙarfi. Idan gejin mai na sauka amma ƙasa a bushe, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, ƙone man injin ke yi.

Ana cewa tsohuwar mota dole ta yi yoyo. Akwai ƙamshin gaskiya: zafi yana busar da roba, kuma zafin Malanbil a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Amma robar da ta bushe canja ta ake yi. Haka batun mai mai kauri irin 20W-50: yana rage ɗigo, bai toshe komai ba. Shi ma man zamani da ake zargi da fasa sil, dattin da ya toshe tsohuwar tsaga yake wankewa, sai ta bayyana.

Shawarar da ke ɓata mini rai ita ce ta zuba man birki cikin baƙin mai wai don sil ya kumbura. Yana kumbura kuwa, shi ya sa dabarar ta samu karɓuwa, musamman wajen masu son sayar da mota da gaggawa. Bayan ɗan lokaci robar ta yi laushi ta lalace, duk sil ɗin injin su fara zuba tare, mai saye ya kwana ciki.

Akwai kuma maganar tsofaffin makanikai da samari ke rainawa, alhali gaskiya ce: injin na numfashi. Iskar da ke sulalewa ta gefen ringi tana fita ta wani ɗan bututu a sama. Idan datti ya toshe shi, iskar ta matse a ciki ta turo mai ta kowace kafa, ko da sil sabo ne. Cika mai ya wuce layin sama na geji lokacin juye shi ma yana jawo haka. Kafin a taɓa giyabos, a cire bututun nan a busa shi, a duba geji, a kuma duba washar notin juye, wadda ya kamata a sabunta duk lokacin da aka kwance ta.