Shirya Gasar Rubutu A Kan Maudu'i Ɗaya: Darasi Daga Gasar 1933

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin adabin Hausa ya san cewa gasa ce ta haifi ƙagaggun labaranmu na farko a rubutun boko. Mun haddace sunayen littattafan da na marubutansu saboda jarrabawa, amma ba mu cika tsayawa mu tambayi yadda aka shirya gasar har ta yi albarka ba. Ga shi kuwa kusan kowace shekara ƙungiyoyin ɗalibai da na unguwanni a nan Maiduguri sukan yi shelar gasar rubutu, amma kaɗan ne suke kai gaci. Wata mutum biyar kawai ke shiga, wata ta ƙare da gardama a kan alƙalanci, wata kuma a raba kyauta a watse, takardun su ƙare a cikin kwali gara ta cinye. Wannan maƙala za ta duba yadda ake shirya gasar da ake ba kowa maudu'i ɗaya, tun daga zaɓen maudu'in har zuwa fitar da abin da aka rubuta, tare da waiwayen yadda na gaba suka yi.

Maudu'i Daban, Jigo Daban

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Maudu'i shi ne abin da masu shirya gasa suka miƙa wa kowa: wata jimla, ko karin magana, ko hoto, ko wani abin da ya faru a gari. Jigo kuwa shi ne saƙon da kowane marubuci ya fitar da kansa bayan ya juya maudu'in a zuciyarsa. Masu gasa su ke da maudu'i, marubuci shi ke da jigo. Duk gasar da ta ƙwace wa marubuci jigonsa, wato ta faɗa masa darasin da labarinsa zai koyar, to za ta sami labari ɗaya ne da aka kwafa sau hamsin da hannuwa daban-daban.

Wannan dabara ta ɗora mutum a kan wani tushe da aka riga aka shimfiɗa ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Tahmisi misali ne: mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙara masa ɗango uku nasa, ya zama ƙwar biyar, ba tare da ya karya karin waƙar ba. Haka Isa ɗan Shehu ya yi wa waƙar Tabban Haƙiƙan, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa. Ƙaidin da aka gindaya wa mai tahmisi bai hana shi nuna gwanintarsa ba, shi ne ma ya ba shi wurin nuna ta.

Abin Da Ya Faru A 1933

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta nemi samun littattafan karatu na Hausa waɗanda ba fassara ba ne. East bai tsaya ga rubuta sanarwa ba. Ya zaga manyan garuruwan Arewa, ya zauna da malamai, ya yi musu bayanin irin abin da yake nema, wato dogon labari ƙagagge cikin zube. A wata maƙala da ya buga a 1936 ya bayyana wahalar da ya sha wajen shawo kansu, domin a ganin malaman lokacin ƙaga labari aikin tatsuniya ne, bai kamaci mai ilimi ba.

Abu ɗaya aka nema daga kowa, amma duba abin da ya fito. Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin yawon duniya mai cike da raha da wayo. Yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, ya jingina shi da zuwan Turawa ƙasar Kwantagora. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, a kan bauta da fataucin bayi ta hamada. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, labarin ɓarayi da dabarunsu. John Tafida kuma tare da East kansa suka fitar da Jiki Magayi, labarin soyayya da ramuwar gayya. Daga 1934 aka fara buga su, kuma har yau ana karanta su a makarantu. Mu 'yan Borno muna da abin tunawa a nan, domin zuriyar su Imam da Bello Kagara daga Dikwa ta taso.

An sake gwada wannan hanya a 1978, lokacin da Kamfanin NNPC na Zariya ya shirya gasar da ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, aka buga su a 1980. Gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata, inda labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, wanda ya shafi rayuwar 'yan gudun hijira, ya zo na ɗaya. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta ci gasar, abin da ya nuna cewa iyakar ƙasa ba ta raba masu rubutun Hausa.

Abubuwa uku ne suka haɗa waɗannan gasanni: an fayyace abin da ake nema, an kai kiran har inda marubuta suke, sannan an fitar da abin da aka rubuta ga jama'a. A kan waɗannan ukun za a gina sauran bayani.

Zaɓen Maudu'i

Nan ne mafi yawan gasanni suke tuntuɓe. Maudu'i mai kyau yana da siffofi uku. Na farko, kowa a cikin al'ummar yana da abin faɗa a kansa. Na biyu, yana nuni ga wani abu da ake gani ko ake taɓawa. Na uku, bai yanke hukunci ba tun kafin a fara rubutu.

Bari mu gwada da abin da ya same mu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya malale Gwange da Kasuwar Monday da kewayen fadar Shehu da wasu unguwanni masu yawa, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Babu gidan da ba shi da labari a kan wannan dare. A ce ƙungiyarmu tana son gasa a kansa. Idan muka ce maudu'in shi ne "Ambaliya," ya yi faɗi da yawa, ɗalibi zai rasa ta ina zai kama. Idan muka ce "Illolin ambaliya ga al'umma," insha'i za mu samu mai na ɗaya, na biyu, na uku, ba labari ba. Idan kuma muka ce "Sakaci ne ya jawo ambaliya," mun riga mun rubuta wa kowa ƙarshen labarinsa.

Amma a ce mun ba da wannan: "Abin da na ɗauka da ruwa ya shigo." Wani zai rubuta labarin uwar da ta bar akwatin lefenta ta ɗauki takardun makarantar 'yarta. Wani zai kawo almajirin da ya ɗora allonsa a ka yana ratsa ruwa. Wata za ta ba da labarin ɗan kasuwar da ya tsira da littafin bashi kaɗai, sai ya rasa ko ya bi mutanen da su ma ba su da komai. Wani ma zai iya kawo ɓarawon da ya shiga gida sata ya fito da tsohuwa a bayansa. Maudu'i ɗaya ke nan, amma jigogi sun bambanta: sadaukarwa, ilimi, tausayi, tuba.

Akwai gargaɗi a nan. Garin da ya sha rikici tun 2009 yana da raunukan da ba su warke ba. Idan maudu'i ya taɓo rashi ko gudun hijira, a sa a cikin ƙa'ida cewa ba a ambatar sunan wani mutum na gaske, kuma ba a tilasta wa kowa ya ce labarin nasa ne. Rigar ƙage takan ba mutum damar faɗin abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba, kada a tuɓe masa ita.

Ƙa'idoji Da Shela

A rubuta ƙa'idoji a shafi ɗaya tak: wa zai iya shiga, wane nau'in rubutu ake so, tsawonsa, ranar rufewa, da wurin miƙawa. Ga gajeren labari, kalmomi 1000 zuwa 1500 sun isa, kuma da wannan ma'auni Hikayata ta yi aiki shekaru da dama. Mako shida ya wadatar. In ya gaza haka mai jinkirin tunani ba zai gama ba, in ya zarce kuma zumuɗi zai huce. A kauce wa lokacin jarrabawa. A karɓi rubutun hannu kamar yadda ake karɓar na kwamfuta ko na waya, domin mai labari mafi daɗi wataƙila ba shi da ko ɗaya daga cikin na'urorin nan.

Game da shela, a yi koyi da East. Manna takarda a allon sanarwa bai isa ba. A shiga azuzuwa, a je makarantun sakandare da Islamiyyu, a nemi minti biyar a gidan rediyo. Wanda bai taɓa rubutu ba ba ya ɗaukar sanarwa a matsayin tasa sai an dube shi an ce da kai ake. A mako na biyu ko na uku a shirya zama ɗaya na bita, a karanta maudu'in tare, kowa ya faɗi abin da ya zo masa a rai, ba tare da an ce wannan ne daidai ba.

Alƙalanci Da Matsalar Karin Harshe

Alƙalai su zama uku, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Sakataren gasa ya cire sunan kowa ya sa lamba kafin ya miƙa musu, kuma shi kada ya yi alƙalanci. A raba maki tun kafin a buɗe takarda ta farko, misali 30 ga yadda aka sarrafa maudu'i, 30 ga zubi da tsari, 25 ga salo, 15 ga ƙa'idojin rubutu, sannan a sanar da wannan rabo tare da ƙa'idoji.

Dalilin ware makin ƙa'idojin rubutu shi kaɗai ya shafi garinmu ƙwarai. Da yawanmu a Maiduguri da Kanuri ko Bura ko Marghi ko Larabcin Shuwa muka buɗe baki, Hausa daga baya ta zo. A Hausarmu ta yau da kullum akan haɗe jinsin namiji da na mace, kuma ba kowa ke bambance ƙ da k, ko ɗ da d ba. Idan alƙali ya jefar da labari saboda ya ga irin wannan a layin farko, zai iya jefar da zinariya saboda ƙurar da ke kanta. Kuskuren rubutu edita na gyara shi a yini ɗaya, amma labarin da ba shi da rai babu editan da zai busa masa. Hanya mafi adalci ita ce a nemi mai ba da labari ya bi Daidaitacciyar Hausa, taurari kuwa a bar su su yi magana yadda ake yi a Bulumkutu ko Hausari. Mai Keke Napep na Yerwa da ya buɗe baki da Hausar Kano tsantsa, shi ne kuskuren.

Sai batun satar fasaha, wadda ta ƙaru yanzu da intanet da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yawaita. Maganinta mai sauƙi ne: a gayyaci mutum goma da suka fi maki, kowa ya karanta wani yanki na labarinsa a gaban alƙalai, a yi masa tambayoyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ya yi aro kuwa tambaya ta biyu za ta tona shi.

Bayan Raba Kyauta

Ba don kyautar da aka ba Imam muke tunawa da gasar 1933 ba, sai don littattafan suna hannunmu. Saboda haka tun ranar farko a ware kuɗin fitar da rubutun, ko da za a rage na kyauta. A tattara labarai goma ko goma sha biyar a yi ɗan littafi, ko a ba su fili a wannan mujalla, ko a karanta su a rediyo ɗaya bayan ɗaya. A ajiye kwafi a ɗakin karatu na sashe, domin ɗalibin da zai yi kundin digiri a kan Hausar Maiduguri ko a kan adabin ambaliya ya sami abin nazari. Waɗanda ba su yi nasara ba kuma a mayar musu da takardunsu tare da layi biyu ko uku na shawara daga alƙalai. Wannan ɗan rubutu shi zai dawo da su baɗi.

Kammalawa

An ga cewa gasar rubutu a kan maudu'i ɗaya tana tsayawa ne a kan maudu'in da ya buɗe ƙofa bai rufe ta ba, da shelar da ta kai ga mutane, da alƙalancin da ya san halin harshen garin, da kuma fitar da abin da aka rubuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai. Shekaru suna tafiya, waɗanda suka ga daren Alau da idonsu za su fara manta ƙananan abubuwan da labari ke rayuwa da su. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa wannan gasa a cikin tsarin ayyukan zango mai zuwa, malamanmu kuma su taimaka mana da alƙalanci. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.