Tukunyar tururi: Yadda rashin kula ke jawo wa masu gumin shinkafa asara a kudancin Kano

Da zarar kaka ta kama, sai shanshera ta fara kwarara kasuwar Tudun Wada, wasu buhunan daga fadamun Kiru da Doguwa, wasu kuma daga gonakin da ke shan ruwan Madatsar Tiga da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Kafin shinkafar ta shiga injin casa, sai an jiƙa ta, an turara, an shanya. Mata da yawa a duro suke wannan aiki har yanzu, amma masu ɗan jari sun fara komawa tukunyar tururi, inda ake dafa ruwa a wani tanki daban, sai bututu ya kai tururin.

Akwai kuma irin wadda ake amfani da ita a manyan ɗakunan girki, mai bango biyu: tururi na zagayawa tsakanin bangon ciki da na waje, don haka abinci ba ya kamawa a gindi.

Inda hatsarin yake

A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa na tafasa a digiri 100. Idan aka kulle tururi, zafinsa na iya kai wa digiri 120 ko fiye, kuma ruwan da ya zama tururi yana kumbura fiye da ninki 1,600. Shi ya sa idan tankin ya fashe, ba ƙuna kaɗai yake jawowa ba, har rai yana ɗauka.

Abin da ke tsare wannan shi ne bawul ɗin tsaro, wanda ke buɗewa da kansa idan tururi ya yi yawa. Mai tukunya ya riƙa gwada shi kamar yadda kamfanin da ya ƙera ya tsara. Idan yana tsiyaya, a canza shi. Ɗaure shi da waya ko toshe shi da ƙarfe kasada ce da rayukan ma'aikata.

Haka nan gejin da ke nuna ƙarfin tururi: idan allurarsa ta tsaya wuri guda ko gilashinsa ya fashe, kada a hura wuta sai an sauya.

Ruwa da tsatsa

Kullum kafin a kunna wuta a duba yawan ruwa. Tankin da ya ƙafe a kan wuta ƙarfensa na yin laushi, kuma kwara masa ruwan sanyi a wannan hali na iya tsaga shi. A kashe wutar, a bar shi ya huce.

Wani ruwan rijiya ko burtsatse yana barin farin ɓawo a jikin ƙarfe. Ɓawon na tare zafi, sai a ga ana cin itace ko buntu fiye da da, tururi kuma ba ƙarfi. Sakamakonsa shinkafa ba ta turaru daidai ba, ta kakkarye a inji, farashinta ya faɗi. Maganin shi ne zubar da ruwan gindin tanki a kai a kai da kankare ɓawon lokaci-lokaci.

Tukunyar da ba ta tsatsa kuwa, ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi sun ishe ta. Soson ƙarfe da bilic suna cinye fuskarta, su bar ƙananan ramuka da datti ke maƙalewa.

Me doka ta ce?

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masana'anta ta sa jami'in da aka amince da shi ya duba tankin tururinta aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata 14, da kuma bayan duk wani babban gyara. Sashen duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke kula da wannan.

Saboda haka, idan mai walda ya yi wa tanki faci, kada a mayar da shi aiki sai an gwada shi da ruwa. Lokacin da ya fi dacewa da wannan duka shi ne kafin girbi, domin idan shanshera ta cika fili, babu mai son tsayar da aiki ko na yini guda.